Wandon Ruwan Surukina

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma, da wanda ya shirya da wanda bai shirya ba. Surukina, mahaifin uwar 'ya'yana, ya riga mu gidan gaskiya a tsakiyar daminar bana, lokacin da kwatocin Gyadi-Gyadi ke cika suna tumbatsa. An yi masa salla a ƙofar gida ana yayyafi, aka kai shi makwancinsa ana yayyafi. Wani dattijo da ke bayana ya ce, "Ruwa ya zo rakiyar abokinsa." Mutane suka yi murmushi, ni kuwa na kasa.

A gidanmu har yau ba wanda ya ɗaga maganar da zan yi a nan da baki. Takarda ba ta da suruki, shi ya sa na kawo mata.

Ni mai sayar da takalman gwanjo ne a bakin kasuwar Tarauni, kuma sana'ar ta ɓata mini ido. Kafin in ga fuskar mutum na riga na ga ƙafarsa. Saboda haka a zaman makoki, maimakon in dubi masu shigowa, tarin takalman da ke bakin tabarma nake kallo. Ga sau-ciki na ma'aikata, ga silifas na 'yan unguwa, ga na 'yan adaidaita sahu da dunduniyarsu ta cinye ta gefe guda. Da hantsi ya ɗaga sai ga wasu takalma da ban saba gani a cikin gari ba: tsofaffin kambas, an huhhuda su ta gefe da gangan, laka ta bushe a jikinsu. Na ɗaga kai. Maharba ne, abokan farautar Baba, wato surukin nawa, a gabansu kuma amininsa na Hotoro, wanda duk gidan ke kira Kawu.

Suka bi layi suna yi wa 'ya'yansa gaisuwa. Da suka iso kaina wani ya ce musu, "Wannan ne surukin, mijin babbar."

Ɗaya daga cikinsu ya riƙe hannuna ya ce, "Au, kai ne mai wandon?"

Na kusa da shi ya zungure shi da gwiwar hannu. Ya sake ni da sauri ya ce, "Allah ya ba da haƙuri." Kawu kuwa da ya ba ni hannu, bangon da ke bayana yake kallo.

Ruwa ba ya tsami banza. Abin da aka gaya mini shi ne Baba ya je farauta, ya jiƙe, sanyi ya kama masa ƙirji. Ni da kaina na kai shi bakin fadama ranar, yana sanye da wandon ruwan da na saya masa, irin na roba mai haɗe da takalmi wanda ke kaiwa har ƙirji. Tun ranar ban sake ganin wandon a ƙusarsa ta zaure ba. Na san kwana in ya ƙare ya ƙare. Amma kowane ajali da sanadinsa, kuma daga sa'ar nan tambaya ɗaya ta tsaya mini a rai: ko ni ne sanadin?

Daga cikin gida ana jiyo kukan maƙwabciyarsu, wata Kirista 'yar Kudu mai sayar da garin kwaki, wadda ta tsufa a layin. Tana cewa, "Wa zai buɗe mana kwalbati yanzu? Wa zai shiga mana?" Gaskiya ta faɗa. Duk farkon damina, idan leda da shara suka toshe kwalbatin layin, ruwa ya fara leƙen ɗakuna, nata ɗakin ne na farko domin shi ne a gangare. Samari su tsaya suna shawarar wanda za a kai wa ƙara, Baba kuwa ya zura wandon nan ya ɗauki manjagara ya shiga. Ba ya cewa kowa ya taya shi. In ya fito sai ya ce, "Ruwa baƙo ne, hanya kawai yake tambaya. In ka hana shi ya kwana a ɗakinka."

Samarin kuwa, da suka gaji da sunkuyar da kai a wurin makokin, suka koma tuna shi da dariya ƙasa-ƙasa. "Baba mai wandon roba!" Suna kwatanta yadda yake tuƙa keke a cikinsa, ga rigar ruwa ruwan ɗorawa a sama, gumi na tsiyaya, roba na ƙugi duk taka feda. Ba da mugunta suke yi ba, suna ƙaunarsa. Amma abin da suka sani ke nan game da shi, kuma ni na ɗinka masa wannan kamannin.

Sai in faɗi gaskiya, ni ma ban san shi ba. Na auri 'yarsa ta fari, wadda shi kansa ba ya kiran sunanta, don haka kunyar da ke tsakaninmu ninki biyu ce. Tun ina saurayi har furfura ta fito mini, duk maganar da muka yi da shi ba za ta cika kwanon sha ba. In na je gaisuwa sai in tuɓe takalmi tun daga ƙofar zaure, in durƙusa, in ce, "Barka da hutawa, Baba." Ya ce, "Yauwa. Ya kasuwa?" In ce, "Alhamdu lillahi." Shi ke nan an gama hira. Bai taɓa kiran sunana ba, bai ma taɓa ce mini "kai" ba. In zai yi maganata sai ya ce "mutanen Tarauni", kamar mu goma ne. In ya dawo daga daji da agwagin ruwa, babbar cikinsu gidana take zuwa, da saƙon "an ce a kai wa yara", alhali ya san wa ke cin cinya a gidan.

Tun da ido a ƙasa nake gaishe shi, na fi sanin ƙafarsa a kan fuskarsa. Faffaɗa ce, yatsunta a baje kamar na wanda bai taɓa amincewa da ƙasa ba. Faso ya tsattsage dunduniyar. Da damina kuma ƙwaurinsa duk tabon matsattsaku, waɗannan tsutsotsin ruwa masu shan jini. Ya zo birni ne daga ƙauye yana matashi, ya yi gadi har ƙarfi ya fara ja baya, amma farautar damina bai taɓa barin ta ba. Manoman shinkafa na fadamun wajen Wudil su ke aiko masa in tsuntsayen ruwa irin su kirinjijiya da dinya suka dame su.

Karin maganarsa da dabarunsa, duk a zaman makokin nan na tsince su, daga bakin maharba, ina gefe kamar baƙo. Suka ce ba a zuwa sayen kayan ruwa da shi a dawo da wuri. Rigar ruwa da kunne yake saye. Sai ya kama hannun rigar ya murza a gefen kunnensa, in ya ji ƙara ya ajiye ya ce wa mai kaya, "Wannan ai sanƙira ce, kafin in iso ta gaya wa tsuntsaye ina tafe." In ta tsallake kunne sai hanci: ya sansana, in tana warin sabuwar roba ya ce ko zomo mai mura zai ji ta. Sannan launi. Ya ce maharbi launin laka yake sawa ko na busasshen ganye, mai son a gan shi ya tafi gidan biki. Wani tsoho a cikinsu ya ce akwai shekarar da suka zaga rumfuna tun safe har azahar, a ƙarshe Baba ya fito da ƙyallen leda ɗaya tak, na naɗe albarushi, ya ce shi kaɗai ne bai yi masa ƙarya ba.

Suna dariya, ni ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Rigar da na saya masa ruwan ɗorawa ce, ana hango ta daga ƙarshen layi, kuma in ka motsa a cikinta sai ka ce ana murza ledar burodi.

Ga yadda aka yi na saya. Wata damina uwar 'ya'yana ta dawo daga gida idonta ya yi ja. Ta ce sanyin ƙashi ya hana Baba miƙewa, matarsa Inna na gasa masa gwiwa da ruwan zafi, amma ya ce jibi zai koma ruwa. Ba a jima ba aka buɗe wata dilar gwanjo a gabana, sai ga wandon nan a tsakiyar takalma. Na duba tafinsa, ido ba mudu ba ya san kima, na ce wannan ƙafar Baba ce. Kuma ban kuskure ba, sai ka ce a kansa aka ƙera. Jikin ne dai ya yi masa faɗi kamar buhu, na ce ai babba ba a ba shi matsattsen kaya.

Ban yi gaggawa ba, kada a ce. Na bi ɗinkin da yatsa, na ja igiyoyin kafaɗa. Na kai shi gida na rataye a reshen darbejiya, na yi ta ɗura masa ruwa da bokiti har ya cika ya tsaya kamar mutum. Ko ɗigo bai fita ba. Reshen ya lanƙwasa. Na rungume shi zan sauke, wallahi ko motsa shi na kasa, sai da na kira maƙwabci muka tuntsurar. Na yi dariya na ce masa, "Ka ga kayan ƙwarai!" Abin da ya kamata in gani ranar a hannuna yake, na rungume shi ma, amma ban gan shi ba.

Na haɗa da rigar, na ba uwar 'ya'yana, ta ba Inna, Inna ta ba shi. Amsa ta biyo hanyar da kayan suka bi: an gode, Allah ya yi albarka.

Bayan 'yan kwanaki ina zaune a rumfa da hantsi sai na ji ƙararrawar keke. Ga Baba nan tafe cikin wando da riga, yana sheƙi kamar sabuwar adaidaita. Bai dube ni ba. Ya dai buga ƙararrawa daidai rumfata ya wuce, ya nufi Hotoro inda yake ajiye keken da bindigarsa a gidan Kawu, su hau mota daga can. Akwai hanyar da ta fi kusa, wadda ba ta biyo ta gabana ba, amma tun daga ranar duk fitar da zai yi ta nan yake bi. Damina bayan damina. Yaba kyauta tukwici, ni kuwa na karɓi tukwicin da hannu bibbiyu.

Ni mutum ne mai baki, ban iya yin alheri in yi shiru ba. Duk wanda ya zauna a bencina ya ji labarin wandon. In an ji ƙararrawa sai in ce wa maƙwabtan rumfa, "Kun ga tsohon nan? Ba don wandon nan ba da tuni ya zauna." Har na zama malamin kayan ruwa. Masu wankin mota da masu kiwon kifi su zo neman takalmin ruwa, in ce su tambayi surukina maharbi in suna shakkar zaɓina. Yanzu in na tuna wasu a cikin masu sauraron 'yan layinsu Kawu ne, sai in ji zufa ta karyo mini.

Sau ɗaya na taɓa jin Baba da Inna suna faɗa. Na je gaisuwa, ina tuɓe takalmi a zaure, sai na ji muryar Inna daga tsakar gida.

"Malam, wannan wahala har yaushe? Ka dubi yadda ka jiƙe da gumi tun ba ka fita ba. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. In ba za ka faɗa ba, ni zan aika a faɗa."

Ya ce, "In kika aika kin tsinka ni a kasuwa."

"Girman kai ne kawai!"

"Ba girman kaina ba ne. Girman yaron ne."

Na yi gyaran murya na yi sallama, gidan ya yi tsit. Na ɗauka maganar ƙanin matata suke yi, wanda a lokacin yake ba su ciwon kai. Har na koma gida ina ba uwar 'ya'yana shawarar a riƙa yi wa yaron nasiha a hankali. Ta dube ni, ta ce tuwo zai huce.

Bana Allah ya hore mini 'yar ƙaramar mota ta hannu. Mai sabuwar mota kuwa neman wanda zai ɗauka yake yi. Ran nan na ji Baba zai fita, na yi sammako Gyadi-Gyadi, na same shi ya riga ya shirya cikin kayansa ya fito da keke. Na durƙusa na ce, "Baba, yau a bar keken ya huta."

Ya ce wa sirdin keken, "Kada a wahalar da mutanen Tarauni. Kasuwa na jira."

Na ɗauka kara ce yake yi mini. Na ce ba wata wahala, na buɗe masa ƙofar baya na tsaya. Mutum ya buɗe maka ƙofa yana durƙushe a gaban 'yan layi, ya za ka yi? Ya jingine keken ya shiga.

A Hotoro Kawu ya fito da bindigogi a naɗe da wani buhu a kafaɗa. Da ya gan ni ya tsaya cak. Ya leƙa ya dubi Baba, Baba yana kallon gabansa.

Kawu ya ce, "Madalla, ɗana. Ka ajiye mu a tasha ka koma neman abincinka."

Na ce, "Haba Kawu! Ina da mota ku hau ta haya? Har bakin ruwa."

Har bakin ruwan kuwa na kai su. Na ajiye motar can bayan itatuwa inda hanya ta ƙare, na taka tare da su zuwa gaɓa. Na ce wa Kawu, yadda Baba zai ji, shekara da shekaru ban taɓa ganin wandon nan a bakin aikinsa ba, yau sai na gani. Na fito da waya. Kawu ya sauke buhunsa, ya sake ɗauka. Baba ya yi bismilla ya shiga ruwa, yana ɗaga ƙafa da ƙyar, na ce a raina tsufa ne. Na ɗauki hoton bayansa, ɗorawa a tsakiyar kore, suna nufar kacalla, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa. Sai wayar ta yi ƙara a hannuna, an buɗe sabuwar dila, in ban zo ba a zaɓe masu kyau. Ba a ɗaga wa suruki murya daga nesa, balle a wurin farauta. Na juya na tafi ban yi sallama ba.

Da la'asar aka ce suna asibiti. Ya yi kwanaki yana fama da numfashi. Na yi ta zirga-zirgar magani da abinci, amma ɗakin sau ɗaya na shiga. Na durƙusa daga bakin ƙofa. Ya ja mayafi ya rufe ƙafafunsa, ya juya fuska wajen bango, ya tattaro numfashi ya ce, "Ana ta ɗawainiya. Ya kasuwa?" Na ce, "Alhamdu lillahi. Allah ya ƙara sauƙi, Baba." Maganarmu ta ƙarshe ke nan, kuma ba ta bambanta da ta farko ba.

Bayan sadakar uku na tambayi uwar 'ya'yana ina wandon yake. Ta ce ba ta sani ba. Na ce ta dube ni ta faɗa. Sai ta fashe da kuka ta ce, "Ta ina zan fara? Kai kana murna, shi yana kunya, ni ina tsakiya. Ka je wurin Kawu."

Na same shi a zaurensa yana shafa wa bindiga mai. Bai yi mamakin ganina ba. Bayan mun gaisa ya nuna mini wata ƙusa a bango da baki, ya ce, "Ka ga waccan? Nan wandonka yake yini duk ranar farauta. Ya iso ya tuɓe, ya rataye, ya sha ruwa ya huce, sannan ya sa kayansa. In mun dawo ya sake zurawa ya hau keke."

Ya jawo buhun nan da na gani a kafaɗarsa ya zazzage. Gajeren wando, tsohon kambas mai huji don ruwa ya shiga ya fita, ɗan gwangwanin man kaɗe da aka cuɗa da garin taba saboda matsattsaku, da kabido, rigar ruwan nan ta kaba da makiyaya ke kifawa daga ka zuwa gwiwa. Ta yi baƙi don tsufa. Na murza gefenta a kunnena ban san na yi ba. Ba ta ce komai ba.

Na ce, "Bai taɓa shiga ruwa da nawa ba?"

"Kwalbati dai. Ya ce a ruwan da bai wuce gwiwa ba, ba shi da na biyu, kuma ya ji daɗinsa a nan, kada ka ce bai ji ba. Amma ranar da ya fara kawo shi ya gwada a bakin gaɓa, ya fito ya ce mini, wannan randa ce aka yi wa ƙafafu. Dokarsa ce tun muna samari: kayan da ba za ka iya fita daga cikinsu da numfashi ɗaya ba, kada ka shiga ruwa mai zurfi da su."

"To me ya hana a gaya mini, Kawu?"

"Na ce masa ya aika. Ka san abin da ya ce? Ya ce, yaron nan ya dubi ƙafata ya ji tausayinta, 'ya'yan cikina ma ba su duba ba. In mayar masa da tausayinsa a leda?"

Na sunkuyar da kai. Ya ci gaba, a hankali, yana goge bakin bindigar da ya riga ya goge.

Ya ce da suka shiga kacalla ya ce wa Baba, "Tuɓe mana, ga kayanka." Baba ya ce, "Yana kallo." Kawu ya ce, "Waiwaya ka gani." Ya ce, "Ni in waiwayi surukina? Kai duba." Kawu ya waiwaya, ciyawa ta tare gaɓa, ya ce ba ya hango komai. Baba ya ce, "Mu ƙara gaba kaɗan, kada ya hango ina tuɓewa." A gaba kaɗan ɗin nan masu haƙar yashi suka bar rami da rani, ruwa ya rufe shi. Taku ɗaya ƙasa ta ɓace. Ruwa ya haura ƙirji ya kwarara cikin wandon. Mutumin da ke ƙetare kogi da bindiga a ka, ya kasa ɗaga ƙafa ɗaya. Kawu ya nutsa da wuƙa ya yanke igiyoyin kafaɗa, ya tsarge robar har cinya, sannan ya iya zaro shi. Kafin nan ya sha ruwa ya ƙoshi.

Na tuna reshen darbejiya da ya lanƙwasa, da dariyar da na yi.

Kawu ya ajiye bindigar, ya dube ni sosai, karo na farko tun rasuwar. Ya ce, "Abu ɗaya nake so in sani, ɗana, don ya hana ni barci. Ka daɗe a bakin gaɓar?"

Da na ce na daɗe, da ya samu sauƙi, da ni ma na samu. Na ce, "Ban daɗe ba, Kawu. Kafin ku kai ciyawar na tafi."

Ya ce, "Allahu akbar." Sannan ya ce, "Kwanansa ne ya ƙare. Ba kai ka haƙa ramin ba." Na san gaskiya ya faɗa, malamai ma haka suka ce mini. Amma ban taɓa jin kunya irin ta zauren nan ba, kuma har yanzu ba ta sake ni ba. Dattijo ya yi shekaru yana gasa kansa a cikin roba, yara na yi masa dariya a titi, don kada fuskata ta canza. Ranar ƙarshe ya shiga ruwa saboda idona, idon kuwa yana hanyar kasuwa.

Da zan tafi Kawu ya shiga ciki ya fito da wandon a naɗe. Ya ce, "A asibiti ya ba ni saƙo. Ya ce in kai wa mai faci a liƙe, a ɗinke igiyoyin, in mayar gida in rataye kafin mutanen Tarauni su lura. Na ce masa to. Ban kai ba, hannuna ya ƙi. Tun muna yara ban taɓa saɓa masa ba sai a wannan. Ga shi, ka san yadda za ka yi."

Abin da ya sa na rubuta wannan, ina so 'yan Gyadi-Gyadi su sani cewa tsohon da suke tunawa a kan keke cikin rigar ɗorawa ba shi ne maharbin ba. Maharbin yana cikin kabido, launin laka, ba ya ƙara, ko tsuntsu ba ya jin zuwansa. Wancan na kan keken suruki ne kawai yana gode wa surukinsa. Ni ban taɓa ganin maharbin ba, kuma ba zan gan shi ba.

Na kai wandon wurin mai facin da ke kusa da rumfata. Ya juya shi ya ce wannan ai wuƙa ce, me ya faru? Na ce ya dai liƙe. Igiyoyin ni na ɗinke su da zaren takalmi. Facin ya fito baƙi, dogo, ko makaho ya shafa zai gane.

Da yamma na je Gyadi-Gyadi, na tuɓe takalmi a ƙofar zaure kamar kullum, ko da yake ba wanda zan durƙusa wa. Keken na nan jingine inda ya bar shi. Ina cikin rataye wandon a ƙusarsa sai ga Inna ta fito da buta, cikin mayafin takaba. Na durƙusa. Ta tsaya ta dubi wandon, ta dubi facin tun daga ƙirji har cinya. Ba ni ta kalla ba, bango ta yi wa magana.

Ta ce, "Ashe an dawo da shi."

Na ce wa ƙasa, "Ai ba abin da ya same shi, Inna."

Ruwan butar na ɗiga a kan siminti, ta ce, "Haka ya ce a ce."

Ya Allah, bawanka ya rufa mini asiri ban roƙe shi ba, ban ma sani ba. Ka rufa masa nasa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka tufatar da shi tufar da ba ta da nauyi.